Turbar Dakare: Abin da Hanyoyin Duwatsun Manga ke Faɗa Game da Tarihin Ƙasar Zuru

Mafi yawan tarihin ƙasar Hausa da muke karantawa a aji tarihi ne na masu dawaki. Ana ba mu labarin sarakuna da barade da tutoci, da garuruwan da aka ci da yaƙi. Amma mutanen da dawakin nan suka kora zuwa kan duwatsu ba kasafai ake jin ta bakinsu ba, domin ba su bar mana littafi ba. A wannan maƙala ina so in nuna cewa sun bar wani abu da ake iya karantawa, wato turbobin ƙafa da suka haɗa ƙauyukansu da gonakinsu da kurminsu. Zan ɗauki misali da Manga da maƙwabtanta a ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi.

Manga tana cikin tsofaffin garuruwan mutanen da Hausawa ke kira Dakarkari. Su kuwa sunan da suke kiran kansu da shi shi ne Lelna, harshensu kuma C'lela. Garin yana cikin ƙasar Dabai, ɗaya daga cikin sarautu biyar na Masarautar Zuru, sauran su ne Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu. A tsarin mulki na yanzu Manga da Ushe mazaɓa guda ce a Ƙaramar Hukumar Zuru, tare da irin su Senchi da Rikoto da Tadurga. Kada mai karatu ya rikita ta da Maga, wadda ke cikin Danko/Wasagu.

Akwai wani zance da aka daɗe ana yi cewa sunan Dakarkari ya samo asali ne daga kalmar "dakare", wato mayaƙin ƙasa, domin wai kakanninsu su ne dakarun Kanta na Kabi a ƙarni na 16. Wannan ruwaya ce ta baka, kuma ɗalibin harshe ya san yadda Bahaushe yake da gwanintar ƙera wa suna asali bayan sunan ya riga ya zauna. Duk da haka zancen ya dace da halin ƙasar. Wuri ne da ƙafa ta fi kofato amfani.

Dalilin hawa dutse ba ɓoyayye ba ne. A ƙarni na 19 ƙasar ta kasance tsakanin manyan dauloli masu dawaki, kuma waɗanda ba Musulmi ba su ne abin farautar masu neman bayi. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Kwantagora a kudu, ya rasu a 1876. Ɗansa Ibrahim ya ci gaba da kai hare-hare har Turawa suka ci Kwantagora a 1901. Mutumin da ba shi da doki, makaminsa kwari da baka, ba shi da ganuwar da ta fi dutse. Doki ba ya sukuwa a kan fa, kuma turbar da ba ta ɗaukar mutum biyu a jere takan mayar da rundunar ɗari ta zama mutum guda a gaban maharbi. Saboda haka ƙuncin hanyar da karkacewarta ba rashin dabara ba ne, su ne dabarar.

Bai kamata Bahaushe ya ga baƙon abu a nan ba. Kano daga gindin Dala ta tashi, Zazzau ta zauna a Turunku da Kufena, Kwatarkwashi har yau tana jingine da dutsenta. Bambancin kawai shi ne Hausawa sun sauko da wuri sun gina ganuwar ƙasa, Lelna kuwa tsoron hari ya tsare su a sama har shigowar ƙarni na 20. Da aka daina kamun bayi, sai jama'a suka riƙa saukowa sannu a hankali kusa da gona da kasuwa da hanyar mota, wanda hakan ya yi wa Turawan mulki daɗi don ya sauƙaƙa musu karɓar haraji. Abin da aka bari a sama shi ne kufai.

To, yaya ake karanta turbar? A irin waɗannan garuruwa hanya takan zagaya ne, domin rayuwar kanta zagaye take yi: daga gida zuwa gona, daga gona zuwa rafi, daga rafi a komo gida. Magidanci da iyalinsa za su iya tashi da sanyin safiya lokacin hunturu, su bi ta cikin karan dawa, su haura, su sauko ta wani gefen kafin rana ta take. Duwatsun Zuru ba masu tsawon da zai gagari yaro ba ne. Abin da ake bukata shi ne gorar ruwa da dattijon gari mai nuna hanya, wanda zai faɗi inda ake takawa da inda ba a takawa.

Abu na farko da za a lura da shi itatuwa ne. Kaɗanya da ɗorawa da ke tsaye a tsakiyar gona ba da kansu suka tsira daga gatari ba, manomi ne ya bar su saboda man kaɗe da kalwa. Kuka kuwa, in an gan ta jingim a inda babu gida, to, a duba ƙasa, sau da yawa za a tarar da katanga da dutsen niƙa da ya lotsa. Haka nan kurmin da ya yi duhu alhali kewayensa fili ne, galibi tsafi ne ya kiyaye shi, irin na Magiro wanda Dakarkari suka yi tarayya da Kambari da Kamuku a kansa. Ko mutum bai yarda da addinin gargajiya ba, tilas ya yarda cewa ya tsare itatuwan da dokar gandun daji ta kasa tsarewa.

Gonakin da turbar ke ratsawa su ne fagen golmo, al'adar da saurayi ke yi wa surukinsa noma shekara bakwai, shi da tsararrakinsa, kafin a ba shi mata. Ta waɗannan hanyoyi samari ke tafiya daga wannan unguwa zuwa waccan da garemani a kafaɗa, kuma ta nan ake taruwa don bikin Uhola bayan kaka. Mutane da yawa na danganta juriyar sojan Zuru da wannan horo, kuma ƙasar ta fitar da manyan hafsoshi irin su Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Janar Sani Sami, wanda ya zama Sarkin Zuru a 1995 ya rasu a 2025.

A ganina abin da ya fi kome daraja a kan turbar shi ne makwantan magabata. Lelna sukan kewaye kabari da duwatsu, su ɗora masa tukwane da siffofin yumɓu na mutane da dabbobi, waɗanda mata ne ke gina su. Siffar takan nuna matsayin mamaci, ko sarki ne, ko maharbi, ko gwanin kokawa. Wani jami'in mulkin mallaka, P. G. Harris, ya yi rubutu a kan Dakarkari a 1938, daga baya kuma masu sayen kayan tarihi suka gane wurin. Yau ana ganin waɗannan tukwane a gidajen tarihi na Turai da Amurka. Tukunyar da aka ɗauke daga kabarinta ta zama abin ado kurum, don babu mai iya faɗin wanda aka gina wa ita.

A Sukur ta Jihar Adamawa, turbobin dutse irin waɗannan suna cikin abin da ya sa hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin kayan tarihin duniya a 1999. A Zuru kuwa masu gawayi na cin kurmi, dattawan da suka san sunan kowane kufai suna ƙarewa. Bugu da ƙari, tsohon tsoro ya dawo a kan babur: a watan Maris na 2022 'yan bindiga sun kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a yankin Sakaba, a watan Nuwamba na 2025 kuma aka sace 'yan mata 25 daga makarantar Maga. Duk wanda zai shiga daji da iyali tilas ya fara jin ta bakin mutanen gari.

An kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru a 2020, kuma a sassanmu na Hausa da Tarihi akwai 'yan asalin ƙasar masu jin C'lela da Hausa duka. Ɗalibi guda mai littafin rubutu da na'urar ɗaukar magana zai iya bin turbar Manga a hutun ƙarshen shekara, ya rubuta sunan kowane dutse da rafi da kufai kamar yadda tsofaffi ke furta shi, ya kawo wa wannan ƙungiya a zangon karatu mai zuwa.