Agogon Kuza: Zanen Turai, Ƙarfen Ƙasar Hausa

Kalmar agogo baƙuwa ce a bakin Bahaushe, domin daga Yarbanci ta shigo, inda asalinta ke nufin ƙararrawa. Kafin zuwanta, manomin Agiye ko na Gazawa da rana yake lissafi: hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru. Sai da cinikin gujiya ya bunƙasa, kantunan CFAO da SCOA suka kafu a Maraɗi, sannan agogon bango ya fara samun gurbi a zauren sarakai da alhazai, daga bisani ya shiga ɗakin amarya, ya zauna saman jeren tasoshi da langa. A can ma, a gaskiya, ado ya fi yi bisa ga faɗar lokaci.

Akwai wani nau'in agogon ado da masu tara kayan tarihi ke rububinsa a Turai, wanda aka zuba gidansa da gamin kuza. Kuza ce mafi yawa a gamin, sai ɗan jan ƙarfe don ta yi ƙwari. A dā ana sa dalma. Tun da kuza na narkewa a zafin digiri 232 kacal, tana bin kowane lanƙwasa na mazubi, kuma ba ta kai azurfa tsada ba. Wannan ne ya sa maƙeran Jamus, musamman gidan Kayser na garin Kirefel, suka rungume ta a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da ake yayin salon nan na ganye da furanni da Faransawa ke kira Art nouveau.

Kantin Liberty na Landan, wanda aka buɗe a 1875 don sayar da kayan Japan da na Gabas, ya fara da shigo da na Jamus, sannan wajen 1902 ya fito da nasa mai suna Tudric, ana ƙera shi a masana'antar Haseler ta Bamingam. Gwanin zanensu shi ne Archibald Knox (1864-1933), mutumin Tsibirin Man. Tun yana yaro yake nazarin tsofaffin duwatsun tsibirinsu masu sassaƙar igiya mai sarƙewa, ba a ganin farkonta balle ƙarshenta. Ita ya ɗora a jikin agogo, ya rage tarkace irin na Japanawa, ya yi fuskar da tangaran shuɗi da kore ko da jan ƙarfe. Wasu agogunan ma siffar dutsen kabari gare su. Kantin bai yarda a buga sunan mai zane ba. A gindi sai tambarin Tudric da lamba mai farawa da sifiri. Duk malamin da ya ga hoton irin wannan sarƙa, dagi zai faɗo masa a rai, wanda ke bisa aikin riga da bangon soro a Tibiri da Katsina. Kama ce kawai, ba aro ba: kowa da hanyar da ya bi ya iso ga ƙulli.

Inda labarin ya taɓa mu sosai shi ne wajen ƙarfen. Tun kafin Turawa, mutanen Ririwai a kudancin Kano da na Ririwain Dalma a ƙasar Bauchi suna wanke kuza a rafi, su narka ta, su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Waɗannan tsinkayen ne suka ja hankalin kamfanin Neja na Ingilishi, ya aika masu bincike a 1902 da 1903, wato daidai shekarun da Tudric ke fitowa. Kuzar Ingila ta lokacin daga Kwanwal da Malaya da Bolibiya take zuwa. Ta Jos ta biyo baya, musamman da jirgin ƙasa daga Zariya ya isa tudun a 1914. Kamfanoni suka mallaki filayen, narkar gargajiya ta Ririwai ta mutu, jikokin masu sana'a suka koma lebura. Ƴan cin rani daga ƙasar Faransa, wato Nijar ta yau, sun shiga cikin masu ɗaukar kwanon ƙasa a ka. Da Japan ta kama Malaya a 1942, sai aka koma aikin tilas har 1944, mutane da yawa suka mutu saboda sanyin tudu da yunwa.

Nijar ma ta haƙi tata kuzar a Elmeki, cikin duwatsun Abzin, tun tsakiyar ƙarni na 20, ita ma ɗanya take fita. Abin da ya dawo ta hanyar Gidan Runji zuwa Gazawa shi ne gwangwanin madara da na tumatir, masu shafen kuza, waɗanda maƙeranmu ke yankawa su yi fitilar aci-balbal da mazurari.