Ƙafa ko Mita: Sake Nazarin Ma'aunin Fili a Ƙasar Hausa

Akwai ra'ayin da ya kama ƙasa a tsakanin masu safiyo da jami'an filaye, cewa rikicin iyaka ba zai ragu ba sai an hana ambaton ƙafa da eka a cinikin fili, a bar mita da hekta kaɗai. Wannan maƙala na ganin cewa ra'ayin ya ɗora laifin inda ba nan yake ba.

Tarihin sananne ne. A farkon mulkin Turawa, malaman taki ne ke auna gonakin Kano da tafiya domin yanka haraji (Fika, 1978). Daga baya ƙafa da eka suka zauna, sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta zo da hekta: 500 na noma da 5,000 na kiwo su ne iyakar abin da ƙaramar hukuma za ta bayar ba tare da yardar gwamna ba.

Hujjar mai wancan ra'ayi mafi ƙarfi ita ce, ma'auni biyu a kasuwa ɗaya ƙofar zamba ce, domin ƙafa ma'aunin gargajiya ne marar tabbas. A nan, a ganina, an haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Taki ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Ƙafar da ke jikin tef ɗin magini kuwa, tun 1959 aka ƙayyade ta a mita 0.3048 daidai. Birnin New York shaida ne. Ana cinikin gidajensa da murabba'in ƙafa, titin saukar jirgi mafi tsawo a filin JFK ma ƙafa 14,511 ake rubuta shi, ba a kuma ce wannan ya jawo ruɗani ba. Da Amurka ta ga tana da ƙafa iri biyu, ta safiyo da ta duniya, waɗanda bambancinsu kashi 2 ne cikin miliyan, sai ta ajiye ta safiyo a ƙarshen 2022. Ma'ana guda ta nema wa ma'aunin, ba ta kore shi ba.

Mai ra'ayin zai ce ai sauyawa lissafi ne kawai, ba wanda zai yi asara. Da wuya hakan ya tabbata. A ɗauki fuloti mai ƙafa 50 sau 100. A mita, 15.24 ne sau 30.48, wato kusan murabba'in mita 465. Amma dillali ba ya faɗin 15.24, sai ya ce sha biyar sau talatin, wanda 450 ne. Murabba'in mita 15 ɗin da ya salwanta ya ɗan fi ɗakin ƙafa 12 sau 12. Mai sayen da ya san hamsin da ɗari zai iya jan tef daga turken siminti zuwa wancan ya gane an rage masa. Idan aka ƙwace masa ma'aunin da ya iya, an ƙwace masa hanyar bincikar dillali ke nan.

Mai ra'ayin zai kuma ce ga Maraɗi da Damagaram, da mita ake ciniki, ba a ga illa ba. Gaskiya ne, sai dai can da mita mai saye da magini suka tashi, ba rana tsaka aka sauya musu ba.

Dole a nan a taƙaita da'awar. Abin da aka kawo ya shafi fulotin gari ne, mai kusurwa huɗu. Gonar gado mai karkatacciyar iyaka, wadda kuka ko jigawa ke raba ta da ta maƙwabci, ba ta aunuwa da tsawo da faɗi. A wannan fage mai ra'ayin ya fi kusa da daidai: taswirar safiyo da hekta sun fi kare magada.

Shawarar da hujjar ta iya ɗauka ita ce, hukumomin filaye irin su KANGIS da KADGIS su riƙe mita a matsayin ma'aunin da kotu za ta yi hukunci da shi, amma kowace takardar mallakar fuloti ta nuna tsawo da faɗi da ƙafa a gefensa, ba tare da cike lissafi ba. Kalmar fuloti kuma kada ta shiga takardar ciniki sai da adadi a bayanta, domin ita ce ba ta da ƙayyadadden girma.