Rami, Ƙofa da Uwar Garke

Wani abokina ya yi shekaru yana kwashe tsofaffin kaset-kaset na Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos yana zuba su a wata ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi, da ya ajiye a bayan talabijin. Ya ɗora mata manhajar Navidrome, wadda ke jera waƙoƙin ta miƙa su ga duk wayar da ta nema. A cikin gida komai lafiya lau. Da ya yi tafiya sai wayar ta ce ba ta san wannan kwamfuta ba. Aka ce masa maganin abin VPN ne. Ya ce, "To ni me zan ɓoye?"

Tambayar tasa ce ta sa na zauna na duba sunayen da muke kiran waɗannan abubuwa da su.

Yawancinmu mun san VPN ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, har zuwa Janairun 2022. Tun daga nan haruffan uku suka zauna mana a matsayin dabarar zagaye shinge, wayarka tana Kano amma intanet na ganinta a wata ƙasa. Masu fassara kuma suka ƙara wa Borno dawaki, suka mayar da harafin P na tsakiya "sirri". Ba ƙarya suka yi ba, domin bayanan da ke bi ta hanyar a kulle suke tafiya. Sai dai kalmar Turancin a nan ta fi kusa da "keɓaɓɓe", abin da yake na mutanen gida, kamar gidan da aka rubuta "ba shiga" a zaurensa. Kamfanoni sun daɗe suna amfani da VPN don ma'aikacin da ke nesa ya shiga kwamfutocin ofis tamkar yana zaune a teburinsa. Abin da abokina ke bukata ke nan.

Dalilin da wayar ta rasa kwamfutar shi ne adireshi. Na'urorin cikin gida galibi suna ɗauke da lambobin da ke farawa da 192.168, waɗanda aka ware tun 1994 don amfanin cikin gida kawai. Miliyoyin gidaje suna da lamba iri ɗaya. Kamar ka ce wa ɗan aike "ɗakin tsakiya" ne: a tsakar gida kowa ya gane, a tashar mota kuwa ba ka faɗi komai ba.

Akwai tsohuwar dabara, ta buɗe wata lamba a na'urar intanet ta gida domin na waje ya shigo, 4533 ga Navidrome, 8096 ga takwararta Jellyfin. Sunan wannan lamba a Turanci shi ne kuma sunan wurin da jiragen ruwa ke tsayawa, shi ya sa za ka ga an fassara ta "tashar jiragen ruwa", abin dariya. "Ƙofa" ta wadatar, kuma tana ɗauke da gargaɗinta: ƙofar da ka buɗe wa kanka, ɓarawo ma ya gan ta. Ga wata matsalar, kamfanonin waya da yawa suna haɗa ɗimbin masu layi a kan adireshi ɗaya na waje, don haka ƙofar ma ba taka ba ce balle ka buɗe.

Hanyar da VPN ke shimfiɗawa tsakanin waya da gida, Bature ya kira ta da sunan hanyar da ake haƙawa a ƙarƙashin dutse. Mu muka ce "rami". Ban gamsu ba. Rami faɗa masa ake yi, alhali wannan abu yana da baki biyu, ana shiga ta nan a ɓulla ta can. "Bututu" ya fi dacewa. Manhajar WireGuard ta Jason Donenfeld, wadda aka shigar cikin zuciyar Linux a 2020, irin wannan bututu take kafawa, kowane baki da makullinsa. Tailscale, da aka gina a kanta, ita ke haɗa bakunan biyu ba tare da an buɗe ƙofa ba. Da ita abokina ya samu Shata a ɗakin otal.

Saura ita kanta kwamfutar. Wasu suna cewa "saba", manhajojin fassara kuma suna cewa "uwar garke". Sunan yana da daɗin ji, amma ya juya ma'anar. Uwar garke ita ake bi, ita kuwa wannan na'ura zaune take tana jiran a aike ta. "Rumbu" ya kama ajiyar, ya bar hidimar. Ni dai "rumbun waƙa" nake cewa idan da dattijo nake magana, da matasa kuwa in ce saba, kowa ya gane.

Duk sunan da aka ba ta, ranar da aka ɗauke wuta a gida batirin kuma ya mutu, wayar da ke nesa shiru za ta yi.