Gishiri, Ɓeraye da Maganin Hawan Jini: Tarihin Wani Bincike

Ɗaruruwan shekaru ayarin raƙuman Abzinawa na kawo gishirin Bilma ƙasar Hausa ta Agadas, lokacin da kantun gishiri kaya ne mai daraja. Yau kuwa, a kasuwar Talata Mafara ko Bakura ko Maradun, gishiri da dunƙulen ɗanɗano na cikin kayan miya mafi sauƙin samu. Wannan sauƙin ya shafi duk mai shan maganin hawan jini, kuma ɓeraye sun taimaka wajen nuna mana yadda abin yake.

A 1962, Lewis Dahl, wani likita a cibiyar bincike ta Brookhaven a Amurka, ya kiwata ɓeraye iri biyu. An ba su abinci mai gishiri sosai: jinin iri ɗaya ya hau, na ɗayan bai motsa ba. Wato gado yana da hannu. A 1963, Okamoto da Aoki a Kyoto ta Japan suka samar da ɓerayen da jininsu ke hawa da kansa. Da su aka riƙa gwada sabbin magunguna.

Ɗaya daga ciki shi ne captopril, wanda aka samo dabararsa daga dafin wani maciji na Brazil, aka amince da shi a Amurka a 1981. Aikinsa toshe hanyar wani sinadari da ƙoda ke fitarwa, renin, mai sa jijiyoyin jini su matse. To amma idan gishiri ya yi yawa a jiki, ƙoda takan rage renin, sai maganin ya rasa abin toshewa sosai. Shi ya sa ɓerayen da aka rage wa gishiri jininsu ya fi sauka da captopril.

Yawancin baƙaƙen fata masu hawan jini renin ɗinsu ba shi da yawa. A 2019, binciken CREOLE, ƙarƙashin Dike Ojji na Jami'ar Abuja, kan majinyata 728 a ƙasashen Afirka shida, ya gano cewa haɗin magani mai amlodipine ya fi sauke jini kan haɗin perindopril, ɗan'uwan captopril, da maganin sa fitsari.

Don haka, in jini ya ƙi sauka duk da shan magani, a duba tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da na cikin dunƙule. Sauya magani kuwa, sai da shawarar likita.