Guguwa

guguwa (suna, mace)

1. Iska mai juyawa tana ɗaga ƙura da ganyaye sama. Ta farkon damina takan yaye kwanon rufi a Shabu da kewayen Lafiya.

2. mahaukaciyar guguwa: ta teku. Tana tasowa inda ɗumin ruwa ya kai digiri 26: tururi ya hau, hadari ya haɗu, juyawar duniya ta murɗa shi, har gudun iskar ya kai kilomita 119 a awa. Da yawa daga na tekun Atilantika, hadarin daminarmu ne na Afirka ta Yamma ya ƙetara ya gawurta. Ruwan da take turowa gaɓa ya fi iskar ɗaukar rai. Misali, guguwar Katrina ta fasa madatsun ruwan New Orleans a 2005, ruwa ya cinye yawancin birnin.