Daga Sarkin Makafi Zuwa Jami'in Jin Daɗin Jama'a

Sau da yawa a littattafanmu, marainiya tana shiga uku sai mu jefo mata wani Alhaji ya fid da ita. A zahiri akwai masu wannan aiki da suka koye shi a makaranta, wato jami'an jin daɗin jama'a, kuma aikin yana da tarihi.

Taimakon mai rauni ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muna da zakka da waƙafi da riƙon maraya. Sarakuna sun naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Kutare domin su riƙa kai kukan jama'arsu fada. A Daular Sakkwato, 'Yan Taru na Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba karatu kaɗai suka yaɗa a ƙauyuka ba, har da kula da marasa lafiya da mabuƙata.

Mayar da taimako sana'a kuwa daga waje ya zo. A 1869 aka kafa wata ƙungiya a Landan mai binciken halin mabuƙaci kafin a ba shi komai. A 1917 Mary Richmond ta Amurka ta fitar da littafin da ya tsara yadda ake wannan bincike. A Najeriya, Donald Faulkner ya fara aikin a Legas a 1941 da yaran da ke kwana a titi, aka yi dokar yara da matasa a 1943, Jihar Arewa ta samu tata a 1958. A 1974 gwamnatin soja ta yi dokar da ta ɗora aikin a wuyan gwamnatin tarayya. Jihar Sakkwato kuma ta sa hannu a dokar kare yara a 2021.

To, me sana'ar ta ƙara a kan sadaka? Abu huɗu ne ginshiƙanta: sauraro ba tare da yanke wa mutum hukunci ba, rubuta bayani, riƙe sirri, da bibiya har a ga ƙarshen lamari.

Mu ɗauki Araba ta ƙaramar hukumar Illela, dab da iyaka, ga Birnin Ƙonni a ƙetare. Dangi ɗaya ne a ƙasa biyu, harshe ɗaya, auratayya ɗaya. Fari na 1973 ya koro mutanen Nijar zuwa wannan yanki, haka kuma rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya tsayar da abincin gidaje da yawa har zuwa Maris 2024. A irin wannan wuri, a ce an tsinci yarinya 'yar shekara goma a tasha. Mai tausayi zai ba ta abinci da kuɗin mota, kuma ya kyauta. Jami'in da ya san aikinsa zai tambaya: wa ya kawo ta? Ina za a kai ta? Gidan da ta baro yana da aminci? Idan akwai alamar safarar mutane, ya miƙa batun ga hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003. Idan iyayenta suna tsallaken iyaka, a nemo su ta hannun masu gari da hukumomin can. Bayan an mayar da ita, a sake leƙawa. Kuɗin mota kaɗai yana iya mayar da ita hannun wanda ta guje wa.

Mu marubuta, masu karatunmu suna koyon inda ake kai kuka daga abin da muka rubuta. Yarinyar da ta karanta cewa sai Alhaji ya zo, zaman jira za ta yi. Wadda ta karanta cewa akwai ofishi a sakatariya, akwai doka, ta san ƙofar da za ta buga. Kafin mu rubuta labarin maraya na gaba, mu je ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarmu mu yi tambaya.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.