Samari Uku da Suka Roƙi Allah Hanya a 1893

Akwai tambayar da ba ta raba ni da ku. Wani zai tsaya bayan sujada ya ce, "Baba Pasto, na yi addu'a, na yi azumi, na karɓi aikin nan da tabbaci a zuciyata, ga shi wata shida ke nan ban ga komai ba sai wahala. Ko dai ba muryar Allah na ji ba?" Wata kuma a kan aure take tambaya, wani a kan karatu. Yau ina so in amsa da tarihi, tarihin da yawancinmu muka gāda ko da ba mu san shi ba.

A ranar 4 ga Disamba 1893, samari uku suka sauka daga jirgin ruwa a Legas: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Bingham, wanda aka haifa a Ingila a 1872, bai ma cika shekara 21 ba. Niyyarsu ita ce su kai bishara cikin ƙasar da Turawa ke kira Sudan a lokacin, wato shimfiɗar ƙasa da ke kudu da Sahara daga yamma zuwa gabas, har da ƙasar Hausa da Nupe da Barno.

Yadda kiran ya zo ma abin lura ne. Gowans ne ya fara ɗaukar wannan nauyi a zuciya. Mahaifiyarsa, wadda take zaune a Toronto, ita ce ta zaunar da Bingham a gidanta, ta yi masa bayanin mutanen wannan ƙasa da ba su taɓa jin sunan Yesu ba. Ba mafarki ya yi ba, ba kuma murya ya ji daga sama ba. Maganar wata uwa mai addu'a ce ta hana shi sakat, har ya miƙa kansa. Sun nemi ƙungiyoyin mishan na wancan zamani su aike su, babu wadda ta yarda. Suka taso da ɗan guzirin da ke hannunsu.

A Legas, tsofaffin Turawan mishan suka yi musu gargaɗi. Wani babba a cikinsu ya faɗa musu cewa ba za su ga Sudan da idonsu ba, 'ya'yansu ma haka, sai dai watakila jikokinsu. Kuɗinsu ya kusa ƙarewa. Suka keɓe mako guda na addu'a, suka sayar da 'yan kayan da za su iya rabuwa da su, sai ga taimakon kuɗi ya iso musu daga gida. A ganinsu, kuma ni ma haka nake gani, Allah ya amsa.

Daga nan labarin ya yi nauyi. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham, aka bar shi a Legas domin ya riƙa aika wa sauran kaya. Gowans da Kent suka nufi arewa. Kafin shekarar 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a garin Girku a ƙasar Zazzau, Kent kuma ya rasu a Bida. Ba su kafa ikilisiya ba, ba su bar tashar mishan ko ɗaya ba. A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai.

Bingham bai ɓoye halin da ya shiga ba. Daga baya ya ba da labarin yadda bangaskiyarsa ta girgiza har gindi. Me ya sa Allah zai bar waɗanda suka fi kowa ɗokin yin biyayya su mutu tun farkon tafiya? Tambayarku ce wannan, 'yan'uwana, amma a bakin mutumin da ya rasa abokai biyu. Ya je wurin mahaifiyar Gowans ya kai mata 'yan kayan ɗanta. Ita ce ta ƙarfafa shi. Ta nuna masa cewa ta gwammace ɗanta ya mutu can cikin biyayya da ya zauna gida lafiya yana ƙin umarnin Ubangijinsa.

Abin da Bingham ya yi bayan haka shi ne ya fi koya mini darasi. Bai ce kiran ƙarya ne ba, bai kuma sake tsalle cikin jirgi washegari ba. Ya ƙara karatun Littafi Mai Tsarki, ya koyi ɗan aikin jinya, ya yi aikin fasto a wata ikilisiyar Baptis a jihar New York. A 1898 ya yi aure, ya kuma tara dattawa suka kafa majalisar da za ta tsaya a bayan aikin da addu'a da kuɗi da shawara, abin da samarin nan uku ba su da shi a tafiyar farko. A 1900 ya sake zuwa Legas tare da abokai biyu. Zazzaɓi ya sake kayar da shi, aka mayar da shi gida, abokan ma suka karaya suka bi bayansa. Sau biyu ke nan.

Sai a karo na uku ƙofa ta buɗe. Ayarin mutum huɗu ya taso a 1901, a 1902 kuma suka kafa tasha ta farko a Patigi, a ƙasar Nupe, bakin kogin Kwara. Bingham ba ya cikinsu. Aikinsa ya zama na tsayawa a gida yana tara ma'aikata da abin tallafa musu, ya kuma riƙe shugabancin mishan ɗin har mutuwarsa a 1942.

Me ya canja tsakanin 1893 da 1902? A 1897 wani likita Bature mai suna Ronald Ross ya tabbatar da cewa sauro ne ke yaɗa wannan zazzaɓi, masu zuwa kuma suka koyi shan kwinin a kai a kai da kwana cikin gidan sauro. Mulki ma ya canja: sojojin kamfanin Turawa sun ci Bida da yaƙi a 1897, a 1900 kuma Ingila ta ayyana mulkinta a kan Arewa. Ban ce yaƙin nan alheri ne ba, jini ya zuba a cikinsa. Amma hanyar kogi ta zama mai biyuwa ga baƙi. Wannan sabon mulki kuwa ya taƙaita shigar masu bishara cikin manyan masarautu, saboda haka aikin ya fi kafuwa a wurare irin su Egbe a 1908, da Kwoi, da Kagoro, da Miango, da Kaltungo a 1917. Kano, wadda idon na farko yake kanta, sai a shekarun 1930 mishan ɗin ya samu zama a cikinta. Daga wannan aiki na SIM ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954.

To, Allah ne ya bi da Gowans da Kent, ko kuwa zafin ƙuruciya ne? Na daɗe ina juya wannan tun ina makarantar tauhidi. Abin da na tsaya a kai shi ne: a kan inda za su, ba su yi kuskuren ji ba, gama mu kanmu shaida ne. Amma a kan lokaci da shiri, akwai abubuwan da ba su sani ba, akwai kuma shawarar manya da ta fi ƙarfin a yi watsi da ita duka. Dattijon nan na Legas ya yi kuskure da ya ce ba za a shiga ba, amma bai yi ƙarya a kan haɗarin ba. Mutuwarsu ba hujja ba ce cewa Allah bai aike su ba. Amsar addu'ar da suka samu a Legas ma ba alkawari ba ne cewa za su dawo da rai.

Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 16 za ku ga irin wannan. Ruhu Mai Tsarki ya hana Manzo Bulus yin wa'azi a Asiya, ya sake hana shi shiga Bitiniya. A Taruwasa ya ga wahayin mutumin Makidoniya, shi da abokan tafiyarsa suka fahimta tare cewa can ne Allah yake kiransu. Suka haye zuwa Filibi, ba da daɗewa ba aka yi wa Bulus da Sila bulala aka jefa su kurkuku. Bishewar ta tabbata, kurkukun ma ya tabbata, kuma a cikin kurkukun nan ne mai gadi da iyalinsa suka ba da gaskiya.

Saboda haka, ɗan'uwana, idan za ka durƙusa a kan maganar aure ko aiki ko makaranta, kada ka tsaya ga tambayar "ina?" kaɗai. Ka tambayi Ubangiji "yaushe?" da "tare da wa?" da "wane shiri ya rage mini?" Ka auna abin da ke zuciyarka da Maganar Allah, gama ba zai bi da kai zuwa abin da ya riga ya hana ba. Ka kai maganar gaban iyayenka da dattawan ikilisiya tun ba ka yanke ba, ka saurara har ga wanda ya ƙi ra'ayinka, domin mai yiwuwa rabin maganarsa gaskiya ce. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse, kuma shekarun da Bingham ya yi yana karatu da jira suna cikin amsar addu'arsa.

Ke kuma 'yar'uwata da kika riga kika ɗauki mataki cikin addu'a da shawara, yanzu wahala ta same ki, kada ki yi saurin cewa kin ɓata hanya. Ki bincika ko akwai abin gyara, kamar yadda Bingham ya gyara shirinsa. In akwai zunubi, ki tuba. In babu, ki tsaya. Mai yiwuwa kuma rabonki a cikin abin da kika roƙa ya bambanta da yadda kika zata: mutumin da ya yi marmarin zama mai bishara a cikin Sudan ya ƙare yana aiken waɗansu, yau kuma akwai jami'a a Karu da asibitin koyarwa a Jos masu ɗauke da sunansa.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai da ka bi da bayinka a Legas da Girku da Bida da Patigi, ka bi da matasanmu a cikin shawarwarin da ke gabansu. Ka ba su kunnen jin Maganarka, da tawali'un karɓar shawara, da ƙarfin tsayawa sa'ad da hanya ta yi wuya. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.